Makaranta ɗaya, tsari ɗaya: tambayar da iyayenmu na Amurka ya kamata su yi

Ƴan Nijar mazauna unguwannin Buronks da Halem a birnin Niyok sun san fargabar watan Afrilu, lokacin da ake jefa ƙuri'a don fitar da yaran da za su samu gurbi a makarantun da Amurkawa ke kira cata. Wanda sunan ɗansa ya fito, har dangi na Maradi da Damagaram sai sun ji labari a waya. Murnar tana da dalili. Sai dai samun gurbi farkon tafiya ne kawai.

Makarantar cata gwamnati ce ke biyan kuɗinta, yaro ba ya biyan ko sisi, amma wani kwamiti mai zaman kansa ne ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya. Jahar Minesota ce ta fara yin dokarta a 1991, makaranta ta farko ta buɗe a 1992, yau kuma yara sama da miliyan 3 ke karatu a irinsu. A jahar Niyok, inda aka yi dokar a 1998, yarjejeniyar ba ta wuce shekara 5. In wa'adi ya cika, hukumar da ta ba da izini tana duba sakamako, ta sabunta ko ta ƙi. In ta ƙi, an rufe makaranta ke nan, iyaye su shiga neman inda za su kai yaransu.

Shi ya sa takardun tsarin gyaran makaranta suka shafi kowane uba da kowace uwa. Matsalar ita ce takardun sun yi yawa. Akwai alkawuran da ke cikin yarjejeniyar kanta. Akwai dokar ilimi ta tarayya, ESSA, wadda shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Disamban 2015: makarantar da aƙalla kashi 40 cikin 100 na ɗalibanta ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi ne na iya kashe tallafin tarayya a kan makarantar gaba ɗaya, amma sai ta rubuta tsari. In ta faɗa cikin kashi 5 cikin 100 na mafi rauni a jerin masu karɓar wannan tallafi, sai ta sake rubuta wani tsarin na farfaɗowa. Ga tsarin dogon zango na kwamitin gudanarwa, ga na uwar ƙungiya in makarantar reshe ce. Kowane da ofishin da ke jiransa da ranar miƙa shi.

Idan mutane dabam-dabam suka rubuta waɗannan takardu ba tare da sun zauna wuri guda ba, abin da ke biyowa baya sananne ne. Yarjejeniya ta yi alkawarin ɗaga iya karatu, kasafin kuɗi ya tafi ga sayen kwamfutoci, horon malamai kuma ya koma kan lissafi. Yaron da ya taso da Hausa da Faransanci a gida, yake buƙatar ƙarin sa'o'i na Ingilishi, zai bayyana a matsayin adadi a kowace takarda, amma babu wadda ta faɗi malamin da zai zauna da shi, ko ranar da za a yi hakan. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Matsayinmu a fili yake. Makaranta ta yi binciken buƙatunta sau ɗaya, ta zaɓi buri biyu ko uku, ta ɗaura wa kowane buri kuɗinsa da lokacinsa da sunan wanda zai amsa tambaya a kansa. Sauran takardun da hukumomi ke nema a ciro su daga wannan tushe. Dokar tarayya ba ta hana ba, hasali ma ta nemi a daidaita tsarin tallafin da sauran shirye-shiryen makaranta, kuma a rubuta shi tare da iyaye.

Wasu daraktoci za su ce an ƙirƙiro cata ne don ta kuɓuta daga tarin takardun gwamnati, don haka maganar tsari ƙarin kaya ce. Suna da gaskiya cewa takardu na cin lokacin koyarwa. Amma haɗe tsare-tsare rage kayan yake yi, kuma ƴancin da aka ba su an ba su ne a kan sharaɗin nuna sakamako. Wanda ya karɓi ƴanci ya karɓi hisabi.

Ga iyaye, tambayoyi uku sun isa a taron farko: mene ne manyan burin makarantar bana? Nawa aka ware musu? Yaushe wa'adin yarjejeniyar zai ƙare? In darakta ya kasa amsawa a taƙaice, alama ce. A jahar Niyok zaman kwamitin gudanarwar cata a buɗe yake ga jama'a, kuma iyayen da ba su ƙware a Ingilishi ba suna da haƙƙin a yi musu bayani da harshen da suke ji. Mun san mai tuƙin tasi da dare ko mai kitso har ƙarfe tara ba kullum zai samu zuwa ba. Nan ne aikin ƙungiyoyin ƴan ƙasa: su wakilta mutum biyu, su je su saurara, su dawo su fassara wa saura.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun 2004 aka fara a jahar Tawa, da tallafin hukumar JICA ta Japan, shirin da ya sa kwamitocin COGES, waɗanda yanzu ake kira CGDES, suke tsara aikin shekara su gabatar da shi gaban taron jama'ar gari. Uban da ya taɓa tsayawa a filin lakwal ya tambayi inda kuɗin rumfunan aji suka shiga yana da duk ƙwarewar da ake buƙata a Buronks. Ya shiga ofishin darakta, ya nemi a nuna masa tsarin, kuma ya tabbata ɗaya ne.