Tukunya Ɗaya, Bukata Dabam-Dabam

Ya ku malamai da akawuna, ku ne masu ba da kuɗin cefane, sabo da haka da ku na ke magana. A gidajenmu tuwo ɗaya a ke tuƙawa, miya ɗaya a ke kaɗawa, a raba wa tsoho da mai jego da yaron da aka yaye. Tsoka kuwa mai gida a kan tsame wa. A ganina wannan rabo yana son gyara, domin abincin wani gubar wani ne.

Mu fara da yaro. A 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta sanar wa duniya sunan cutar kwashiyoko. Ta kan kama yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwo kaɗai, ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja. Abin da ke tsare shi kuwa yana cikin rumbunmu, watau wake da gyaɗa, sai ƙwai da nono.

Sai tsoho mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a yini, watau misalin ƙaramin cokali ɗaya. Haka kuma a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da kan kama mata bayan haihuwa.

Wani zai ce albashi bai isa a ɗora tukunya uku ba, kuma aikin ya yi wa uwargida yawa. Gaskiya ne, amma ba tukunya uku na ke nufi ba. A ɗebe miyar tsoho kafin a zuba gishiri da dunƙule. A dama wa yaro kununsa da gyaɗa, a murƙushe masa wake. Mai ciwon sukari a rage masa tuwo, a ƙara masa ganye. Mai gida kuma ya haƙura da rabin tsokarsa.

Wannan ba zai ci ko kwabo ba, sai dai kula. Malamai su koya wa yara a aji, amma su fara daga gidajensu, don a san ba faɗa ce kawai ba. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin.