Rage ranakun karatu a makarantun gwamnati: Wa ke cin riba, wa ke hasara?

Makarantun gwamnati fiye da 2,000 ne a ƙasar Amurka ba sa buɗe ƙofofinsu sai kwana huɗu a mako, inda ɗalibai ke zama a gida ranar Juma'a, ko kuma ranar Litinin a wasu wuraren.

Ƙididdigar da masu bincike a jami'ar jihar Oregon suka yi ta nuna cewa ya zuwa shekarar 2023, gundumomin ilimi kusan 900 ne a jihohi 26 suka rungumi wannan tsari, idan aka kwatanta da kimanin 650 a shekarar 2019.

Batun dai bai tsaya ga Amurka kaɗai ba. Faransa ta sauya tsarin makon karatun makarantunta na firamare har sau uku tsakanin 2008 da 2017, Gambiya ta gwada makon kwana huɗu ta kuma yi watsi da shi, yayin da jihar Kaduna a Najeriya ta shigar da shi makarantun gwamnati a farkon 2022.

Abin da ya fito fili a akasarin waɗannan wurare shi ne, ba domin inganta karatun ɗalibi ake rage ranakun ba. Galibi ƙarancin kuɗi ne, ko ƙarancin malamai, ko tsadar man fetur ke tilasta wa hukumomi. Sai daga baya ne ake komawa ana tambayar yadda abin ya shafi yaran.

Asalin tsarin

Tsarin ya soma samun gindin zama a Amurka ne a shekarun 1970, bayan da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa ƙasar man fetur a 1973, abin da ya sa farashin mai ya yi tashin gwauron zabi.

Ƙananan gundumomi na karkara a jihohi irin su New Mexico, inda motocin makaranta ke cin dogon zango kafin su kwaso ɗalibai, sun ga cewa rufe makaranta kwana guda zai rage masu kuɗin mai da na ɗumama azuzuwa a lokacin sanyi.

Ya sake bazuwa bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, lokacin da jihohi da dama suka zaftare kasafin kuɗin ilimi. Bayan annobar korona kuma sai ƙarancin malamai ya zama babban dalilin da hukumomi ke bayarwa.

Har yanzu dai akasarin gundumomin da ke bin tsarin ƙanana ne, kuma na karkara, a ƙasar da ke da gundumomin ilimi kimanin 13,000. Amma a jihar Colorado, fiye da rabin gundumomin sun koma kwana huɗu.

Nawa ake tsimi?

Hujjar farko da masu goyon bayan tsarin ke kafawa ita ce tsimin kuɗi. A lissafin baki, wanda ya rage kwana ɗaya cikin biyar ya kamata ya rage kashi 20 cikin 100 na abin da yake kashewa.

To sai dai alƙaluma ba su nuna hakan ba. Wani nazari da hukumar da ke bai wa jihohin Amurka shawara kan harkar ilimi ta fitar a 2011 ya gano cewa abin da gundumomi suka tsimaya bai wuce kashi 0.4 zuwa 2.5 cikin 100 na kasafinsu ba.

Dalili kuwa shi ne, kimanin kashi 80 cikin 100 na kuɗin makarantu albashi da alawus-alawus ne ke cinye su, kuma ba a rage albashin malamai don an rage rana guda.

Waɗanda aljihunsu ke ji a jika su ne ƙananan ma'aikatan da ake biya bisa sa'o'in da suka yi aiki, kamar direbobi da masu dafa abinci da masu shara.

Duk da haka, ga ƙaramar gundumar da ke fama da giɓi a kasafinta, ko kashi 2 cikin 100 na iya zama albashin malamai biyu ko uku da in ba haka ba da an sallame su.

Neman malamai

Hujja ta biyu ita ce jan hankalin malamai. Gundumar da ba ta da ƙarfin ƙara albashi tana iya yi wa malami tayin hutun kwana uku a kowane mako.

Wannan ne ya sa gundumar Independence da ke kusa da birnin Kansas a jihar Missouri, mai ɗalibai kimanin 14,000, ta koma kwana huɗu a 2023, ta kuma ce masu neman aikin koyarwa sun ƙaru matuƙa.

Sai dai masu sukar tsarin na cewa wannan dabara ba ta ƙara yawan malamai a jiha, illa dai ta janye su daga maƙwabta. Da zarar maƙwabtan su ma sun koma kwana huɗu, fifikon ya ɓace, an kuma koma gidan jiya.

Akwai ma inda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wata babbar gunduma da ke kusa da birnin Denver ta koma kwana huɗu a 2018, bayan da mazauna yankin suka ƙi amincewa da ƙarin haraji domin makarantu. Wani bincike da aka yi daga baya ya nuna cewa malaman da ke barin aiki a can ƙaruwa suka yi, farashin gidaje a yankin kuma ya sauka.

A 2024 majalisar dokokin Missouri ta zartar da dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashin malami daga dala 25,000 zuwa 40,000 a shekara, ta kuma wajabta wa manyan gundumomi neman amincewar masu zaɓe idan suna son makon kwana huɗu.

Farin jini a wurin iyaye

Babu shakka tsarin na da farin jini a inda aka saba da shi. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 na iyaye, da kashi 85 na ɗaliban da aka ji ra'ayinsu, sun fi son kwana huɗu a kan biyar.

Iyalai na amfani da ranar wajen zuwa asibiti, wanda a karkara kan kasance mai nisa, ko taimakawa a gona, ko kuma zama tare da dangi. Binciken ya kuma gano cewa yaran firamare na samun ƙarin barci.

Hakazalika wani nazari a manyan makarantun sakandare na jihar Oklahoma ya nuna raguwar faɗace-faɗace da cin zali tsakanin ɗalibai.

Sakamakon jarrabawa

Inda gizo ke saƙar shi ne batun karatun kansa.

Farfesa Paul Thompson na jami'ar jihar Oregon ya bi diddigin sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekaru da dama a jihar, ya kuma gano cewa makinsu a lissafi da karatu ya ragu bayan komawa kwana huɗu.

Abin da ya jawo hakan, a cewar binciken, shi ne duk da an tsawaita sauran ranakun, ɗaliban sun yi hasarar sa'o'i uku zuwa huɗu a kowane mako.

Wani nazarin da ya yi tare da abokin aikinsa a 2022, wanda ya shafi jihohi da dama, ya ƙara fito da lamarin fili. Koma-bayan ya fi bayyana ne a makarantun da ɗalibai ke yin ƙasa da kimanin sa'o'i 30 a mako. A inda aka kiyaye yawan sa'o'in, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ke nan yawan sa'o'in da yaro ke yi a gaban malami ya fi yawan ranakun da aka buɗe makaranta tasiri.

Rana ta biyar

Tambaya ta gaba ita ce, ina yaron yake a ranar da aka rufe makaranta?

Iyalin da ke da hali na iya biyan kuɗin raino, ko ɗaukar malamin da zai koyar da yaro a gida. Talaka kuwa sai dai ya bar yaran su kaɗai, ko kuma ɗaya daga cikin iyayen ya haƙura da aikin ranar.

Bincike a Amurka ya nuna cewa iyaye mata masu ƙananan yara ne suka fi rage aiki ko barinsa a yankunan da aka koma kwana huɗu. Wani nazari na 2018 a Colorado kuma ya gano ƙaruwar laifukan matasa, musamman sace-sace, da kusan kashi 20 cikin 100.

Sannan ga batun abinci. Yara kimanin miliyan 30 ne ke cin abincin rana a makarantun Amurka, akasarinsu kyauta ko a kan farashi mai rahusa. Ga yaron da gidansu ba wadata, rufe makaranta kwana guda na nufin rasa abincin wannan rana.

Darasin Faransa

Faransa ta daɗe da al'adar bai wa yara hutun kwana guda a tsakiyar mako. Dokar 1882 ce ta ware ranar domin iyaye su samu damar kai 'ya'yansu karatun addini a wajen makaranta. Da farko Alhamis ce, kafin a mayar da ita Laraba a 1972.

A 2008 gwamnatin Nicolas Sarkozy ta soke karatun safiyar Asabar, abin da ya bar makarantun firamare da kwana huɗu, sa'o'i shida a kowace rana.

Majalisar ƙwararrun likitocin ƙasar ta yi gargaɗi a 2010 cewa dogayen ranaku na gajiyar da yara. A 2013 gwamnatin François Hollande ta maido da rabin rana ta biyar, galibi safiyar Laraba.

Amma ƙananan hukumomi sun koka da tsadar sabon tsarin. Da gwamnatin Emmanuel Macron ta ba su zaɓi a 2017, mafi yawansu sun koma kwana huɗu cikin shekara biyu.

Wannan ya nuna cewa janye tsarin bayan jama'a sun saba da shi ya fi shigo da shi wuya.

Gambiya, Kaduna da Edo

A Afirka ta Yamma, shugaba Yahya Jammeh ya mayar da Juma'a ranar hutu a Gambiya a 2013, yana mai cewa jama'a za su samu lokacin ibada da noma, ko da yake an bar wa makarantu damar ramawa ranar Asabar. Magajinsa Adama Barrow ya soke tsarin a 2017.

A Kaduna, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta soma makon aiki na kwana huɗu ga ma'aikata a watan Disambar 2021, sannan ma'aikatar ilimi ta umarci makarantun gwamnati su bi sahu a watan Janairun 2022. Gwamnatin ta ce manufarta ita ce ƙara ƙwazon aiki, da bai wa ma'aikata lokacin hutawa da iyali da kuma noma.

A jihar Edo kuwa, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ne ya sa gwamnati ta sanar da rage ranakun zuwa makarantunta na matakin farko zuwa uku a mako, domin sauƙaƙa kuɗin mota ga malamai da iyaye.

Masu kare matakin na Kaduna na da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A arewacin Najeriya dama Juma'a gajeriyar rana ce, domin ana tashi tun kafin lokacin masallaci, don haka abin da aka rasa bai kai cikakken kwana ba. Makarantun allo ma sun daɗe suna hutun Alhamis da Juma'a, ba a kuma ce karatu ya lalace ba.

To amma almajirin tsangaya na karatu da asuba da hantsi da yamma da dare a sauran ranakun, abin da ɗan makarantar boko ba ya yi.

Lissafin sa'o'i

Idan makaranta na koyar da sa'o'i shida a rana, kwana biyar sun zama sa'o'i 30. Kafin a cimma hakan a kwana huɗu, sai an yi sa'o'i bakwai da rabi a kullum.

Wannan na nufin yaro zai zauna a aji har bayan ƙarfe uku na rana, a yankin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, a azuzuwan da galibi ba fanka, wasu ma ba kujeru, kuma sau da yawa ba tare da ya ci abincin rana ba.

Haka kuma tsawaita ranar na cin karo da makarantun Islamiyya, waɗanda yara da dama ke tafiya da yamma bayan sun dawo daga boko.

Ga yarinyar da ake ɗora wa talla, ko yaron da ake turawa gona ko kasuwa, ƙarin ranar hutu na iya zama ƙarin ranar aiki. Makarantu masu zaman kansu kuwa, inda 'ya'yan masu hali suke, umarnin na Kaduna bai shafe su ba.

Duk wannan na zuwa ne a ƙasar da hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ba sa zuwa makaranta, asusun UNICEF kuma ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta jimla mai sauƙi su fahimta.

Abin da aka koya daga Amurka da Faransa shi ne, makon kwana huɗu na iya tafiya ba tare da babbar illa ba idan an cika sharuɗɗa biyu: a kiyaye yawan sa'o'in koyarwa, a kuma tanadi inda yaro zai je da abin da zai ci a rana ta biyar.

Dukkan sharuɗɗan biyu na buƙatar kuɗi, alhali rashin kuɗin ne ke sa hukumomi da dama tunanin rage ranakun tun da farko. A inda aka kasa cika su, ɗan abin da gwamnati ta tsimaya kan koma wuyan iyayen da ba su da halin kai 'ya'yansu wata makarantar.