Mai Wanki Da Guga Ba Shi Da Abin Jingina

Duk sa'ad da manyanmu suka hau mumbari suna kira a sabunta hanyoyin kasuwanci, masana'antu ne a ransu, irin su kamfanin siminti na Ashaka. Ba safai akan tuna da mai aski, da mai wanki da guga, da mai gyaran waya ba, alhali kuwa irinsu ne suka cika wuri kamar Shadawanka ta Bauchi, inda barikin soja ya tara masu albashi, masu sana'a kuma suka kewaye su.

Akan zarge su da ƙin sabon abu. Mu dai ba mu yarda ba. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, cikin 'yan makwanni mai shayi da mahauci suka iya karɓar kuɗi ta waya, babu wanda ya buɗe musu aji.

Abin da ya daƙile su shi ne jingina. Mai karatu ya dubi mai wankin da ke son sayen injin wanki da farantan hasken rana. Ba don ƙawa yake so ba: tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 janareta ya zama kura a gida, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 Bauchi da yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwana da kwanaki cikin duhu. To, ya tafi banki. Abin da akan fara tambayarsa shi ne takardar mallakar fili, wadda Gwamna ke sa wa hannu bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Shi kuwa ɗan haya ne. In ma rumfarsa tana cikin kasuwar bariki, ƙasar ta hukuma ce. Dukiyarsa duka ita ce gwanintar hannunsa da amanar masu kawo masa kaya, waɗannan kuwa ba sa shiga fayil. Ko da an tausaya masa, da wane ruwa? A Nuwamba 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, balle abin da bankunan kasuwanci ke ɗorawa a kai.

Ga kuma wata: in ya ƙago ɗauko kaya daga gidaje da mayar da su, kafin mako ya zagayo maƙwabcinsa ya kwaikwaya, shi da ya fara bai ko mayar da kuɗin mai ba.

Abin takaici, maganin jinginar nan yana nan a rubuce. A 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar kadarorin da ake iya ɗauka, a Mayu 2017 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ƙarfafa jinginar da keken ɗinki, ko injin, ko babur. Masu sana'a nawa ne a Shadawanka suka taɓa jin labarinta? Lalle ne Gwamnatin Jihar Bauchi ta sa a bayyana dokar nan da Hausa a rediyo, ta kuma zaunar da bankuna da ƙungiyoyin masu sana'a, domin injin da za a saya ya tsaya wa bashin kansa, littafin adashi kuma a karɓe shi shaidar mai biya ne.