Logbuk ne, ba furojet ba

A ɗakinmu na hostal akwai wani aboki da yake haɗa kiɗa a waya. Duk wanda ya ce masa kiɗan waya ba kiɗa ba ne, sai ya jefo masa sunan The Fall, kundin waƙoƙin ƙungiyar Gorillaz. Na gaji da jin sunan, na nemo na saurara, har sau uku. To ga abin da na gani.

Ga wanda bai sani ba, Gorillaz ƙungiya ce ta Ingila da mawaƙi Damon Albarn da mai zane Jamie Hewlett suka kafa, kuma fuskokinta hotunan katun ne. Albarn ɗin nan ba baƙon Afirka ba ne, a baya ya yi shekaru yana aiki da Tony Allen, makaɗin gangar Fela. A watan Oktoba na 2010 suna rangadin wasanni a Amurka da Kanada, sai ya ɗauki iPad, wadda a shekarar aka fara sayar da ita, ya riƙa haɗa waƙa a ɗakin otal da bayan dandali, gari bayan gari. Cikin kwana 32 ya tara waƙoƙi 15. Da yawansu ma sunan wurin ne a kansu: Detroit, Amarillo, Seattle Yodel. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka saki kundin ga 'yan kulob ɗin magoya bayansu.

Masu sharhi sun rabu. Wasu sun yaba, suka ce ana jin kaɗaicin matafiyi da gajiyar hanya a ciki. Wasu kuwa suka ce guntattakin gwaji ne kawai, tuwon da aka sauke bai nuna ba, musamman idan aka jera shi da Plastic Beach da ya fito a watan Maris na shekarar, cike da manyan baƙi.

Ni fa ina ganin ɓangare na biyu sun ɗauko ma'aunin da ba shi ba. Duk wanda ya yi SIWES ya san bambancin logbuk da furojet. Logbuk, abin da ka yi yau shi kake rubutawa yau, ko da wankin injin ne. Wata ranar shafi ya cika, wata ranar layi biyu. Ba malamin da zai tsaya yana neman babi na ɗaya zuwa na biyar a ciki. The Fall logbuk ne. Idan ka saurare shi a jere, da dare, za ka ji kamar kana cikin motar tare da su. Amarillo ta fi kama ni. Sai Bobby in Phoenix, inda muryar tsohon mawaƙi Bobby Womack ta hau kan jita ba tare da wani ado ba. Wallahi waɗannan biyun ba su buƙatar uzurin "a hanya aka yi su".

Amma ban wanke Albarn tas ba. A watan Afrilu na 2011 an buga kundin a faifai aka kai kasuwa. Ai da ka ce a biya, ka miƙa logbuk ɗinka a matsayin furojet ke nan, kuma dole a yi maka makin furojet. Mutumin da ya cire kuɗinsa ya tarar da Seattle Yodel, wadda ba ta kai minti ɗaya ba kuma wasa ce zalla, yana da damar ɓata rai.

Inda muka fi sa-in-sa da abokina shi ne nan. Shi yana ganin labarin ya nuna kayan aiki ba komai ba ne. Na ce masa tsaya tukuna. Mutumin da ya taɓa iPad ɗin ya shafe kusan shekara 20 yana shiga situdiyo kafin nan, tun zamanin ƙungiyar Blur, kunnensa ya riga ya san abin da zai jefar. Kuma sunansa ne ya sa aka saurara har aka yi gardama. Kai da kake ND II, in ka saki guntattaki 15, ba mai sharhin da zai zage ka ma, shiru za ka ji.

Ya yi fushi kwana biyu. Jiya dai na gan shi ya goge waƙoƙi tara a cikin sha biyun da yake shirin sakewa a makon ɗalibai, yana ta fama da ukun da suka rage.