INABIN KUDAN BA NA MATSAR GIYA BA NE!

Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T.) wanda Ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, Ya haramta mana miyagu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa ƙasar Kudan da Hunƙuyi a 'yan shekarun nan ya ga abin da kakanninmu ba su gani ba: rumfunan inabi a jere, 'ya'ya na reto curi-curi. Abin da a da sai an shigo da shi daga ƙetare, yau ga shi a gonar talaka. Sai dai inabi ɗanyen kaya ne, ba ya jiran ciniki. Idan ya nuna babu wurin sanyaya shi, dole manomi ya sayar yadda dillali ya ga dama. A daidai wannan rauni ne wasu masu taƙama da boko ke raɗa cewa wai ƙasashen da suka ci gaba matse inabinsu suke yi ya zama jar giya mai tsada, wadda ba ta lalacewa sai ma ƙara daraja. Wai me zai hana mu?

To, bari mu fayyace abin da ake kwaɗaita mana. A yankin Bodo na ƙasar Faransa, inda wannan sana'a ta fi shahara, ana murje baƙin inabi ne har da ɓawonsa, a bar shi ya ruɓa, yisti ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa. Ɓawon ne ke ba shi launin ja da bauri. Sannan a gauraya iri biyu ko uku, musamman Cabernet Sauvignon mai bauri da Merlot mai laushi, a ɗura a gangunan katako masu cin lita 225, a ajiye shekara ɗaya zuwa biyu. Bayan an zuba a kwalba, wata sai ta shekara ashirin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Tun 1855 suka jera manyan gidajen giyarsu daraja-daraja har hawa biyar. Mashayansu kan shinshina kofi su ce wai suna jin ƙamshin jemammiyar fata da ganyen taba. Haka ake yi a Kalifoniya ta Amurka da Afirka ta Kudu. Amma duk wannan ado, a cikin kowace kwalba akwai barasa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Ashe bambancinta da burkutu tsada ce kawai da kyan kwalba!

Shi ya sa ake sauya mata suna. A wurin dinar manya ba a cewa giya, sai a ce "ruwan inabi". Manzon Allah (S.A.W.) ya riga ya ba da labarin mutane daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiranta da wani suna, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Hukuncin kuwa a fili yake cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Kada manomi ya ce ai shi ba ya sha. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, mutum goma aka la'anta a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai cin kuɗinta. Don haka malaman Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Ciniki halas ne, inabi halas ne, amma hanyar da ta nufi haram toshe ta ake yi.

Masu cewa kofi ɗaya na gyara zuciya fa? A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na barasa da ba ya cutar da lafiya. Tun 1988 masu binciken cutar daji suka sanya ta a sahun farko na masu haddasa cutar. Hukumar ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai.

Ko ta fuskar ribar ma, zancen rami ne. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don a kawar da giyar da ta yi kwantai, aka kuma biya manoman Bodo su tumɓuke dubban kadada na inabinsu saboda mashaya sun ragu. Masu abin suna gudunsa, mu kuma a ce mu tare shi? Balle inabin ci daban yake da na matsa.

Amsa tana nan kusa da mu. Raken da ake dafa barasa da shi a tsibiran Karebiyan, shi mutanen Maƙarfi suka mayar mazarƙwaila tun kaka da kakanni, suka yi arziki, suka je Hajji da guminsu. Turkiyya da Iran suna busar da inabi ya zama zabibi, su sayar wa duniya. Ana kuma iya matse shi a dafa ruwan a rufe, ya daɗe ba tare da ya zama abin maye ba. Amma mu yi hattara da jiran gwamnati: kamfanin tumatir na Ikara ya shafe shekaru a rufe alhali tumatir na ruɓewa a bakin hanya.

Saboda haka muna kira ga manoma su haɗa kai su kafa wuraren sanyaya da busarwa, kuma idan baƙon mai saye ya zo neman kaya da yawa, su tambaye shi me zai yi da su. Muna kira ga attajiranmu su zuba dukiya a nan, domin wa'azi ba ya hana inabi ruɓewa, kuma wanda ya bar ɗan'uwansa cikin asara ya buɗe wa mai raɗa ƙofa. Limamai kuma su karantar da wannan hukunci tun kafin kuɗi su shiga hannu.

Allah Ya sanya albarka a gonakinmu, Ya tsare mu daga cin haram. Amin.