Akwatin Da Ke Ba Da Shaida Bayan Haɗari

Wani malamin makaranta ya rubuto mana takarda, ya ce kullum in jirgin sama ya faɗi ya kan ji an ce ana neman "baƙin akwati". Shi kuwa yana so ya san abin da ke cikin akwatin nan, har da za a yi ta ɓarnar dukiya wajen nemansa, alhali mutanen jirgin sun riga mu gidan gaskiya. To, Malam, ga amsa gwargwadon hali.

Da fari dai sunan ya saɓa da kamarsa, gama launinsa ruwan lemo ne mai haske, don a hange shi cikin tarkace. Galibi kuma biyu ne, a wajen wutsiyar jirgi a ke ɗaura su. Ɗaya yana ɗaukar maganar matuƙa. Ɗayan kuwa magatakarda ne. Akwai waɗansu 'yan na'urori da aka dasa ko'ina a jikin jirgi, wannan tana auna gudu, waccan nisa daga ƙasa, wata zafin inji, wata inda hancin jirgi ya dosa. Duka suna aiko masa da labari ta waya, shi kuwa yana rubutawa, kowane abu da lokacinsa, har na sa'a 25.

Cikin waɗanda suka fara wannan dabara akwai wani masani mutumin Ostareliya, David Warren, wanda ubansa ya mutu a haɗarin jirgin sama cikin 1934. A 1953 aka sa shi cikin masu binciken faɗuwar jiragen nan da a ke kira Comet, sai ya ga duk wanda zai faɗi abin da ya faru ya mutu. Ya ƙera akwati na gwaji mai rubutu a kan siririyar wayar ƙarfe, amma manyan ƙasarsu ba su kula ba. Sai a 1960 da wani jirgi ya faɗa teku kusa da garin Mackay, mutum 29 suka hallaka, aka rasa sanin dalili, sa'an nan fa aka waiwayi maganarsa.

Rubutun kansa ba shi ne abin wuya ba. Kowane akawu ya sani, littafin kuɗin da ya ƙone tare da kanti ba ya raba gardama. Saboda haka ba a yarda da akwatin nan sai an gwada shi gwaji mai tsanani. A kan sa shi cikin wuta mai zafin digiri 1,100 har sa'a guda. A kan maka shi da ƙarfin da ya yi nauyinsa sau 3,400. A kan kuma matse shi kamar yadda ruwa zai matse shi a zurfin mita 6,000. In an buɗe an iske rubutun bai taɓu ba, ya ci jarrabawa.

Ga misali. Ran 1 ga Yuni 2009 wani jirgin Faransa da ya taso daga Birazil za shi Faris ya faɗa tekun Atilantika da mutum 228, ba wanda ya tsira. Sai a watan Mayu 2011 aka tsamo akwatunan daga zurfin kusan mita 4,000. Shekara biyu cikin ruwan gishiri, amma aka karanta su sarai! Suka nuna ƙanƙara ce ta toshe bututun awon gudu, matuƙa suka ruɗe, aka yi ta ɗaga hancin jirgi sama har iska ta kāsa ɗaukarsa. Daga nan aka gyara yadda a ke koyar da matuƙa. Ka ga, Malam, don masu rai a ke wahalar neman nan.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne na ƙasa. A Turai manyan motocin kaya suna da irin wannan magatakarda, mai rubuta gudun mota da sa'o'in da direba ya yi yana tuƙi. Dokarsu ta ce in ya yi sa'a huɗu da rabi sai ya huta minti 45, ma'aikata kuma suna iya tsai da shi a hanya su duba. Mu kuwa a nan, in tanka ko babbar mota ta kife ta kashe bayin Allah, sai mu ji an ce burki ne ya tsinke, shi ke nan magana ta ƙare. Ko barci ne, ko gudu, ko mai mota ne ya hana kuɗin gyara, mamaci ba shi da bakin faɗi. Lalle ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan bai hana a san wanda ya yi sakaci ba, kuma direban da ba shi da laifi shi zai fi kowa cin moriyar shaidar.

Sai dai wanda za a kawo mana ya zama mai jimrin ƙurar hunturu da zafin bazara da girgizar ramukan hanyoyinmu, a kuma rufe shi yadda hannu ba zai kai ga rubutun ba. Masu motoci da direbobi, muna so mu ji ta bakinku a wannan shafi.