Kyauta da Gonar Wani

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman waɗanda suka ɗan leƙa tarihin Turai, wadda na ga ya kamata a tanka mata a wannan mujalla tamu tun ba ta zauna da gindinta ba. Cewa suke yi wai tsarin nan na zamanin da, wanda Turawa ke kira fiyudalizim, tsari ne na amana: sarki ya ba baransa ƙasa saboda biyayyarsa, bara ya yi caffa ya ɗauki alkawarin fita yaƙi, sa'an nan a rubuta takarda a buga mata hatimi, kowa ya san haƙƙinsa. Wai daga nan ne Turawa suka koyi bin doka har suka tsere mana. Ni dai ban yarda ba, kuma ba da wata hujja zan yi musu ba face tarihin Ingilar da suke tinƙaho da shi.

Tambayata ta farko ita ce, ƙasar wa aka bayar? A shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi, ya ƙetaro teku, rundunarsa ta kashe Sarki Harol a yaƙin Hastins. Ya ce Ingila duk tasa ce, ya shiga yanka ta yana raba wa waɗanda suka biyo shi. Ƙanensa Odo ya sami yankin Kent, ɗaya ƙanen nasa Robat ya sami gandaye kusan 800. Da mutanen arewacin ƙasar suka yi bore, a hunturun 1069 zuwa 1070 sai ya sa aka ƙone musu garuruwa da rumbuna, aka karkashe dabbobi, yunwa ta ƙarasa aikin. Daga cikin wannan toka ne aka yanka wa jaruminsa Alan Rufus yankin Richmon. A 1086 Wiliyam ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasar cikin littafin nan da ake kira Dumsde, sai ga shi kusan rabin Ingila yana hannun manyan barori kimanin 200, manyan 'yan ƙasa kuwa da suka rage ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. To jama'a, mu a Hausa abin da aka samo da kaifin takobi ganima muke ce masa, ko da an nannaɗe shi da takarda.

Ta biyu, mene ne amfanin tabbatarwar da sarki ke yi? In da kyauta ce ta gaskiya, ai sau ɗaya ake yin ta. Amma dubi Sikotilan: a 1124 Sarki Dauda na Ɗaya ya ba Robat de Burus yankin Anandel, duk da haka a zamanin jikan Dauda sai da ɗan Burus ya karɓi sabuwar takarda, bisa sharaɗin kawo barade 10 in an buga tambarin yaƙi. Watau in sarki ya mutu, ko bara ya mutu, sai a sake zaman ciniki. Magaji ba ya hawa gadon ubansa sai ya biya. In yaro ne, sarki ya riƙe ƙasar yana cin amfaninta har ya girma. In mace ce, sarki ya sayar da aurenta ga wanda ya fi tayi. A 1198 Sarki Richad na Ɗaya, da yaƙin Faransa ya cinye masa baitulmali, sai ya sake hatimi, ya ce a kawo takardun da aka buga wa tsohon hatimi a sake buga musu sabo, da kuɗi. Shi kansa Odo, 'yan'uwantaka ba ta hana Wiliyam ɗaure shi a 1082 ya karɓe abin da ya ba shi ba. Kuma a watan Agusta 1086 Wiliyam ya tara masu ƙasa a Salisberi, har da barorin barorinsa, suka rantse za su bi shi a kan kowa. Saboda haka takardar tabbaci akala ce, sarki na riƙe da bakinta, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Ta uku, kuma ita ce ta fi ci mini rai: ina manomi a cikin wannan amana? Littafin Dumsde ya lissafa shi, amma a jere ɗaya da garmuna da injinan niƙa da dajin kiwon aladu, galibi ba suna, sai adadi. Kimanin kashi ɗaya bisa goma na mutanen da aka ƙidaya bayi ne. Manomin da ke ɗaure da gandu yana yi wa uban ƙasa noma wasu ranaku kowane mako, yana biya in zai aurar da 'yarsa, in ya mutu a kama mafi kyawun dabbarsa, kuma ba shi da ikon kai ƙarar ubangidansa kotun sarki a kan gonarsa. Ba a tambaye shi ba ranar da aka bayar da shi, ba a tambaye shi ba ranar da aka tabbatar. Zaman kashin dankali ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da abokan musuna za su ce: ai Magna Karta ta 1215 ta ɗaure hannun sarki. Gaskiya ne na baya sun ɗauke ta sun yi yaƙin neman 'yanci da ita, ban musa ba. Amma waɗanda suka tilasta wa Sarki Jon ita manyan barori ne da suka gaji da tsadar ciniki, shi ya sa ta ƙayyade kuɗin hawa gadon babban bara a kan fam 100, na barde sule 100. Ko wata uku ba ta yi ba Paparoma Inosen na Uku ya soke ta bisa roƙon Jon. A 1278 Sarki Edwad na Ɗaya ya soma tambayar manya da wace hujja suke riƙe da ikonsu, da suka yi ƙorafi sai a 1290 aka yarda cewa wanda ya riƙe tun 1189 ya wadatar. Ashe ƙwace in ya tsufa sai ya zama doka! A 1381 kuwa, da manoma suka tashi suna ƙona takardun gandaye, Sarki Richad na Biyu ya ba su takardun 'yanci da hatiminsa a bakin birnin Landan. Washegari aka kashe shugabansu Wat Taila, kafin wata guda an soke takardun. Hatimin nan dai ɗaya ne, amma a hannun talaka bai yi nauyin ganye ba.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Maris 1903, bayan an ci Sakkwato, Lugga ya shaida wa manya cewa ikon ƙasa da haraji ya koma hannun Ingila da haƙƙin cin yaƙi, aka riƙa ba sarakuna takardun naɗi suna rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. Hujjar Wiliyam ce aka sake karantawa bayan shekara fiye da 800.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ba ina cewa a daina karatun waɗannan takardu ba ne. A karanta su da kyau, amma duk wadda aka ɗauko a tambaye ta abu uku: wa ya bayar, nawa aka biya, wa ke noma gonar kafin a rubuta ta. Wanda ya ga hatimi ya yi shiru bai yi nazari ba tukuna. Allah ya sa mu gane, amin.